Romon Ƙashi Na Mutanen Japan

Zuwa ga Edita,

 Ina roƙonka ka ba ni ɗan fili a cikin jaridarka mai farin jini, in ba 'yan'uwana masu karatu labarin wani abinci na mutanen Japan wanda na yi fama da shi a gidana, har ya kusa ja mini abin kunya tsakanina da maƙwabcina.

Wani Bajapane da ya zo aiki ofishinmu shi ya fara ba ni labarinsa. Mutumin Fukuoka ne, a tsibirin Kyushu, ba kuwa abin da ya ke bege na gida kamar wata taliya da su ke kira ramen, wadda a ke sakawa cikin romo mai zafi. Ita ce uwar busasshiyar taliyar leda da yaranmu ke so, wadda Ando Momofuku ya ƙago a 1958, amma tsakaninsu akwai nisa. Irin ta garinsu sunanta tonkotsu, watau ƙashin alade da harshensu. A garin Kurume aka fara sayar da ita a 1937, a wata 'yar rumfa ta bakin hanya. An ce a 1947 wani mai rumfa ya fita ya bar tukunya bisa wuta mai ƙarfi, ko da ya komo sai ya tarar romo ya yi fari fat kamar madara. Ya ɗanɗana ya ji ya fi na da.

To, ni a makarantar mishan na yi karatu, addinina bai hana ni naman alade ba. Amma gidan haya mu ke, madafa ɗaya da iyalin wani malami, dattijo, wanda ya riƙe ni kamar ƙanensa. Matarsa da tawa aron tukunya da ludayi su ke yi ba sai an tambaya ba. Har na yi cinikin ƙashi, sai mai ɗakina ta ce, "Maigida, a wace tukunya? In ka dafa shi a nan, da wane ido zan dubi Yaya gobe?" Na yi shiru, domin gaskiya ta faɗa. Na koma na gaya wa Bajapanen na fasa. Ya yi dariya, ya ce farin nan ba alade ke kawo shi ba, wuta ce, a ƙasarsu ma akwai masu yinsa da kaza, su na kiransa tori paitan.

Ran Asabar na sayo ƙafar saniya da ƙafafun kaji a wurin mahaucin da Malam ke saye, na sa ya faskara ƙashin don ɓargo ya fito. Abin da a ke fara yi shi ne a tafasa ƙashin minti 15, a zubar da ruwan, a goge gudajin jini sarai, in ba haka ba romon zai yi duhu da ƙarni. Wannan na yi daidai. Inda na kuskure shi ne rowar gawayi. Na rage wuta kamar mai dafa farfesu, bayan awa 6 na sami romo garai-garai, mai na yawo a samansa.

Dalili kuwa ga shi. Jijiya da guringuntsi in sun daɗe a wuta sai su narke su zama abu mai danƙo, irin wanda ke sa romon ƙafar saniya ya sandare in ya kwana. Tafasa mai ƙarfi ita ke farfasa kitse ya zama ƙanana ƙwarai, danƙon nan kuwa ya riƙe su cikin ruwa ya hana su komawa sama. Shi ne farin. Saboda haka mako na biyu na hura wuta tun asuba, tukunya na ɓararraka har awa 12, ina ƙara ruwan zafi duk sa'ad da ƙashi ya leƙo. Gawayin da ya tafi ba zan faɗa ba, kada mai ɗakina ta karanta. Ba a sa gishiri a tukunya. A gindin kwano a ke zuba ɗan ruwan gishiri ko miyar waken soya, su na kiransa tare, sa'an nan a kwarara romo bisansa.

Taliyar ita ta fi ba ni mamaki. Garin alkama ne da ruwa da gishiri da wani ruwa da su ke kira kansui, wanda ke sa ta yi tsauri da ɗan rawaya. Da na bincika, ashe ɗan'uwan kanwarmu ne. Na jiƙa kanwa na tace, na farko na cika hannu, taliya ta yi ɗaci kamar sabulu. Kaɗan a ke so. Ƙullun kuwa da ƙarfi ya ke, sai da na sa shi cikin leda na tattaka, kana na murza a injin taliya na matan gidan. Siririya ce, minti 1 ya ishe ta a ruwan zafi. Don ta kan yi saurin laushi, mutanen Fukuoka kaɗan su ke zubawa, wanda bai ƙoshi ba ya nemi ƙari a cikin sauran romonsa.

Na ɗora dafaffen ƙwai da ganyen albasa da riɗi, na kai wa Malam kwano ɗaya bayan magariba. Ya duba farin nan ya ce, "Akawu, nono ka zuba?" Na ce, "Allah ya gafarta Malam, ƙafar saniya ce da ta kaza, yankan mahaucinka." Ya yi bismilla ya kurɓa, ya yi shiru, sa'an nan ya aiki yaro ya kawo masa yaji. Bajapanen kuwa da na kai masa nasa ran Litinin, ya ce ƙamshin ba na garinsu ba ne, amma ya daɗe bai ga romon da ya kama leɓe haka ba, ya ɗaga kwano da hannu biyu ya shanye. Kwanon Malam da safe aka komo da shi, da dabino 7 a ciki.

Haza wasalam.

Ni ne naka,
Wani Akawu, Zariya.