Sa'ad da Wanda Kake Ƙauna Ya Ƙi Tuba

Ɗan'uwana cikin Almasihu, ranar da dattawa suka sanar an sa wani ƙarƙashin horo, idon jama'a yakan koma kan wanda aka mai da shi kujerar baya, aka hana shi Jibin Ubangiji. Ni kuwa nakan nemi fuskar uwarsa, ko matarsa, ko ƙanensa, gama su ne za su koma gida su ci tuwo tare da shi. In kana cikinsu, da kai nake magana.

A Matiyu sura 18 Ubangiji Yesu ya shimfiɗa mana hanya: ka same shi ku biyu, in ya ƙi ka ɗauki mutum ɗaya ko biyu, in ya sāke ƙi a kai maganar gaban ikkilisiya. Mataki na ukun nan muke gudu. Sai mu shiga rufin asiri. Mu biya bashin da ya ci a gidan giya, mu ce wa fasto ai ya yi tafiya ne, mu roƙi dattawa su ɗage horo alhali bai tuba ba. Muna kiran wannan ƙauna, amma sau da yawa tsoron bakin mutane ne.

Eli firist ya tsawata wa 'ya'yansa, Hofni da Finehas, da baki kawai, ya bar su suna ta ɓarna a gidan Ubangiji. Allah ya zarge shi da fifita su a kansa. Rana ɗaya suka mutu, Filistiyawa kuma suka ƙwace akwatin alkawari.

Na sani za ka ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar. Gaskiya ne, ba kuwa yankewa aka ce ka yi ba. Manzo Bulus ya gaya wa Tasalonikawa su janye jiki daga mai taurin kai, amma kada su mai da shi abokin gāba. Ka gaishe shi. In ya kwanta ciwo, ka kai shi asibiti. Abin da za ka bari shi ne shiga tsakaninsa da sakamakon zunubinsa. Dubi uban nan na Luka sura 15: ya bar ɗansa ya tafi, da yunwa ta auka wa ƙasar nan mai nisa kuma bai aika masa da ko mudu ɗaya ba. Nakan yi tunani, da yana aika buhun dawa kowane wata, da yaron bai taɓa tuna gida ba. Duk da haka idon uban yana kan hanya, shi ya sa ya hango shi tun daga nesa.

Ba zan yi maka alkawari cewa naka zai komo ba. Sama'ila ya yi ta makoki saboda Saul, Saul kuwa bai juyo ba. Daga baya Ubangiji ya tambaye shi har yaushe zai ci gaba da haka, ya umarce shi ya cika ƙahonsa da mai ya nufi Baitalami. Kai ma akwai sauran yara a gidanka da suka daɗe suna jiran ka juyo ka dube su. Ka ambaci sunan wancan cikin addu'ar safe, sa'an nan ka tashi ka je wurinsu.