Kukan A-kori-kurar Baba

KAFIN in fita da asubar nan, abu ɗaya Baba ya tambaye ni. Yana kwance a ɗakinsa, ido ɗaya a naɗe da bandeji, kwana uku da yi masa aikin yanar ido. Ya ce, "Ka duba man aksil?" Na ce, "Na duba, Baba."

Mai karatu, ban duba ba. Na dai zaro sandar baƙin mai na goge, na leƙa ruwan lagireto, na bubbuga tayoyi da ƙafa. To amma in kwanta ƙarƙashin mota da wankakkun kayana, a cikin sanyin Fabrairun 2024, shi ne abin da na ga ba zan iya ba.

Motar tsohuwar Hilux ce, a-kori-kura, wadda ta girme ni da 'yan shekaru. Da ita Baba ya ciyar da mu, da ita ya biya min kuɗin foli har na karɓo difloma. Duk kakar tumatir yana jigila daga Kwanar Gafan, can kan hanyar Zariya, zuwa kasuwar 'Yankaba a Kano. Da ciwo ya kwantar da shi, sai ni da aikina zama gaban talabijin ina ƙirga kurakuran mutane na ce zan riƙe masa, don kada dillalinsa na shekara da shekaru ya koma wa wani direban.

An loda min kwando 22, na kamo hanya. Ban yi nisa ba sai na fara jin wani siririn kuka daga baya, kai ka ce iska ce ke shiga bakin kwalba. In na taka totur ya ƙaru, in na ɗaga ƙafa ya lafa. Na ƙure rediyo, kukan ya fi ƙarfin rediyon. Ina isa Kura na gangara gefen titi, wurin wani dattijon makanike mai gareji a ƙarƙashin darbejiya.

Bai ma bari na gama bayani ba. Ya sa na gyara tsayuwar motar a inda ƙasa ta miƙe daidai, ya shige ƙarƙashi, ya kai hannu kusa da wannan ƙullutun ƙarfen mai kama da kabewa da ke tsakiyar aksil ɗin baya, ya janye da sauri. Sai da ya huce sannan ya kwance notin sama, inda ake ɗura mai, ya zura ɗan yatsa ya lanƙwasa. Yatsa ya fito a bushe ƙayau.

"Samari, motar taka ce?"

"Ta mahaifina ce, Malam."

"Na ga alama. Mai ita ba zai bar ta haka ba."

Ya kira ni na durƙusa, ya nuna min inda farfela ta shiga kabewar, duk mai ya fantsama ya kama ƙura. Ya nuna min wata 'yar hula a saman aksil ɗin, wadda ta nan yake numfashi, laka ta toshe ta tsaf. Ashe in ƙarfen ya yi zafi iskar ciki ta rasa mafita, sai ta tura man ya tsartse ta bakin robar da ke tare shi. Ya ce in je in sayo man giya, lita biyu, a ƙara a gani ko an yi sa'a.

A rumfar mai sayar da mai na tarar da kala uku. Akwai na awo, a robobin ruwa, ba suna ba lamba. Akwai wani galan da aka rubuta wa 140 ɓaro-ɓaro. Akwai kuma mai 80W-90, wanda kuɗinsa ya kusa ninka na galan ɗin sau uku. Na yi lissafi irin na 'yan boko: 140 ya fi 90, ga kauri kamar zuma, ga araha. Na saya na dawo ina taƙama.

Dattijon ya buɗe, bai ko kalli rubutun ba, ya kai hancinsa. Ya miƙo min abina.

"Wannan ba shi da wari. Mayar."

"Malam, ai shi ne mai babbar lamba."

"Ni ban yi boko ba. Amma man aksil na gaske, in ka shinshina sai ka ji kamar ruɓaɓɓen ƙwai. Wannan ko a keken ɗinki ba zai ta da hankalin kowa ba."

Raina ya ɗan sosu. Sai na tuna da littafin motar, wanda Baba ke ajiyewa cikin leda a akwatin gaba, ko da yake shi ma ba karanta Turanci yake ba. Na buɗe shafin mayuka. Ga shi an rubuta a fili: aksil ɗin baya, GL-5, lamba 90. Na juya bayan galan ɗina, can ƙasa cikin ƙananan baƙaƙe, GL-1. Hancin dattijo da littafin Japan sun faɗi magana ɗaya, ni mai difloma ne na kauce.

Daga baya na zauna na bi diddigin abin, kuma ga abin da na fahimta. In mota za ta sha kwana, tayar waje tana cin tafiya fiye da ta ciki, aikin giyoyin cikin kabewar nan kuwa shi ne su raba wa kowace taya juyin da ya dace da ita. Ƙarfin inji yana zuwa ta farfela, ya shiga wani ƙaramin giya, shi kuma ya juya babba mai kama da faifai. To ƙaramin ba a tsakiyar babban yake ba, ya ɗan sauka ƙasa, saboda haka haƙoransu ba taka juna kawai suke ba, har gogar juna suke yi. In ga kaya a baya, matsin yakan kore man da ke tsakaninsu komai kaurinsa. Shi ya sa ake zuba wa man sinadaran farar wuta da fosforas, waɗanda in ƙarfe ya yi zafi suke yi masa wata 'yar fata da za ta ci gugar a madadinsa. Warin da dattijo ke nema, na farar wutar ne.

Ke nan rubutu biyu ne a jikin galan, kowanne da maganarsa. Lambobin 90 da 140 kauri suke nufi. Shi W ɗin nan na 80W-90 yana nuna yadda man ke gudu cikin tsananin sanyi, abin da bai cika damun mu a Kano ba, in ya ɗau zafi kuwa lamba 90 ne. Ma'aunin ma ba ɗaya ba ne da na baƙin mai, don man giya mai lamba 90 bai wuce kaurin baƙin mai lamba 40 ko 50 ba. Su kuwa GL, cibiyar harkar man fetur ta Amurka ce ta tsara su, don a san nauyin aikin da mai zai iya ɗauka. GL-1 babu waɗancan sinadaran a ciki, GL-4 akwai daidai gwargwado, GL-5 ya fi yawa. Kada kuma a ce tunda ya fi, a ɗura shi a ko'ina, domin a wasu giyabos akwai zobban tagulla da ba sa shiri da shi sai in littafi ya yarda. Wasu aksil ɗin ma, masu riƙe taya in ɗaya tana sulɓi, sai mai alamar LS.

Na koma rumfa, mai mai ya ce ba a mayar da abin da aka buɗe. Na cire kuɗin aljihuna na sayi mai tsadar. Dattijo ya sa tiyo ya ɗura a hankali, kabewa ta shanye lita ɗaya da rabi kafin man ya fara tsiyayowa ta bakin ramin. Ya ce iyakarsa ke nan, ba a wucewa. Ya ɗaure noti, ya tsokale 'yar hular da waya, ya ce robar a canza ta cikin satin nan.

"Kukan fa, Malam?"

"Zai ragu. Abin da haƙori ya riga ya ci kuwa, mai ba ya mayar da shi."

Na isa 'Yankaba rana ta take, ciniki ya ja baya, kwandunan ƙasa sun fara ruwa. Dillalin bai yi faɗa ba, cewa kawai ya yi in gai da mai jiki, wanda da zagina ya yi da ya fi min sauƙi.

Da la'asar na shigo layinmu, na kashe mota a ƙofar gida. Na tarar an fito da Baba zaure yana kan tabarma. Na durƙusa na gaishe shi, na ajiye masa mukulli da ragowar rabin litar.

"Tun daga bakin layi na jiyo ta," in ji shi.

"Baba, da asuba ban duba ba."

Ya laluba robar, ya buɗe, ya shinshina, ya rufe. Ya ce, "Wannan ka sayo daidai. Gobe ka sa tsofaffin kaya, ni zan riƙe maka tocila."

Har yau, in ta ɗauko kaya ta hau titi, ina jin siririn kukan nan a baya. Ba na kunna rediyo.