Ɗakin Gwaji a Soro

A soron gidansu da ke Daura, kusa da rijiyar Kusugu, wani matashi ya jera tsofaffin na'urorin Cisco guda uku a kan benci, 'yan gwanjo da ya sayo a Kano. Jarrabawar CCNA ya sa a gaba. Kuɗinta dala 300 ne, kuma wanda ya faɗi sai ya sake biya. Abokansa sun wadatu da manhajar Packet Tracer, wadda ba ta koyar da ɗaukewar wuta. Wani dare ya raba dare yana saita hanyoyin sadarwa, wuta ta ɗauke kafin ya adana saitin, komai ya goge. Har tsakar gida mahaifiyarsa ta jiyo salatinsa. Ranar kasuwa ya sayar da ragon da yake kiwo, ya sayo batir da infata.