Namun Daji a Ƙasar da Daji Ya Ƙare

Wanda ya bi hanya daga birnin Kano zuwa Bichi ko Dambatta ba zai ga daji ba. Gona tana jikin gona, sai ɗorawa da kuka da gawo a tsakani. Mun zaga ƙauyukan wajen da rani, muna tambayar dattawa labarin namun daji. Suka ce da can kura takan yi kuka a bayan gari, jan biri kuma yakan zo garke guda ya ɓarnata dawa. Yanzu da wuya a gan su.

Dalilin a fili yake. Garken jan biri, namiji babba ɗaya da mata da 'ya'ya masu yawa, yana bukatar fili mai faɗi domin kiwo. Da gonaki suka haɗe, fari na 1972 zuwa 1974 kuma ya ƙara matsa ƙasar, babban taro bai sami wurin zama ba.

Waɗanda suka saura masu ƙaramin gida ne. Dila yakan zauna da mace ɗaya, wani lokaci 'ya'yan bara su tsaya su taya iyayensu ciyar da ƙannensu. Yanyawa, wadda Ubangijinmu ya ambaci raminta a Matiyu 8:20, takan haƙa rami mai zurfi cikin jigawa, iyali su wuni ciki saboda zafin rana, sai dare su fito neman ƙwari da ɓeraye. Ba a nan kaɗai ba. A 2018 masana suka haɗa bincike a kan dabbobi iri 62 na duniya, suka tarar inda mutum ya yawaita, dabba takan mai da harkarta dare.

To, jama'a, sauran mafakarsu kaɗan ce: shingen gona, bakin burtali, da kurmin maƙabarta. Idan muka sare shinge, muka cinna wa ciyawa wuta, samari kuma suka tone kowane rami da rani, iyalin nan za su watse, ɓera da gafiya su sami sakewa a rumbunanmu.

Allah ya sa Adamu cikin gona domin ya nome ta, ya kuma kiyaye ta. Noma dai mun iya. Bana, in za mu yi sharar gona, mu bar musu shinge.