Duwatsun Ƙasar Minna Da Mutanen Da Suka Sauko Daga Kansu

Duk wanda ya tsaya a bakin tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Minna da sassafe, ya ɗaga kai ya dubi gabas da arewa, abin da zai fara cika masa ido shi ne jerin duwatsun da suka yi wa garin shinge. Da damina kore ne shar da su, har ba a iya rarrabe dutse da itace. Da rani kuwa, bayan an cinna wa ciyawa wuta, sai su koma baƙi ƙirin, hazo ya lulluɓe su. Mutanen gari sun saba da su har ba su cika waiwayarsu ba. Baƙo ne ke tambaya, kuma tambayarsa ta farko kusan kullum ita ce, nawa ne tsawonsu?

To, in don tsawo ne, gaskiya duwatsun nan ba su da abin yin alfahari. Shi kansa garin Minna yana zaune ne wajen mita 250 zuwa 300 bisa doron teku, alhali birnin Kano yana kusa da mita 480. Watau mai sayar da turare a kasuwar Kurmi ya fi mai sayar da doya a Minna kusa da sama, ba tare da ya hau komai ba. Jos ta kai mita 1,200, Chappal Waddi kuwa na Jihar Taraba, wanda ya fi kowane dutse tsawo a Nijeriya, mita 2,419 ne. Ko Dutsen Zuma da ke kusa da Suleja, wanda Jihar Neja ke taƙama da shi, akwai ruɗani a kan lissafinsa. Sau da yawa akan ji ana cewa tsawonsa mita 725 ne. Wannan awo daga doron teku aka yi shi. Daga gindinsa zuwa ƙwanƙolinsa kimanin mita 300 ne. Na cikin Minna ba su kai haka ba, ƙaƙƙarfan saurayi yana iya hawa ya sauko kafin a sauke tukunyar kalaci.

Amma mutanen da suka fara zama a nan ba awo ya kawo su ba. Abin da suka duba shi ne, shin doki yana iya hawa?

Masana ilmin ƙasa sun ce duwatsun wannan yanki, daga Minna zuwa Paiko da Kuta har Kagara, na tsohon dutsen nan ne mai tauri da suke kira giranit, wanda ya daskare a cikin ƙasa shekaru wajen miliyan 600 da suka wuce. Ruwa da iska suka yi ta zaizaye ƙasar da ke kansa har ya bayyana, wani wuri falale sumul, wani wuri manyan ƙwallaye a ɗore bisa juna kamar da hannu aka jera su. Idan matafiyi ya yi kudu wajen Bida sai ya ga siffar ta sake, tsaunukan can na dutsen yashi ne, kawunansu a shafe kamar faifai. Amfanin na Minna shi ne tsagogi da koguna da lungunan da ke tsakanin ƙwallayen. Akwai inda mutum ɗaya ne kawai ke iya wucewa, shi ma sai ya karkace. Akwai kwarmin da ke riƙe ruwan sama har rani ya yi nisa. Ƙasar da ke gindin dutse kuma, wadda ta samu daga ruɓewar dutsen, tana karɓar doya da dawa ƙwarai.

Masu wannan ƙasa su ne mutanen da Hausawa ke kira Gwari, su kuwa suna kiran kansu Gbagyi, kuma da wannan suna suka fi so a kira su. Tarihin da ake bayarwa a garin ya nuna cewa asalin Minna ƙauye ne a kan Dutsen Paida. Sunan ma, in ji masu ba da labarin, daga kalmomi biyu na harshensu ya fito, masu ma'anar watsa wuta. Wai kowace shekara akan kashe dukkan wutar da ke cikin gari, ba a bar ko garwashi ɗaya a murhu ba, sa'an nan a aika samari su ɗebo sabuwa daga wani gari mai nisa, a rarraba ta gida gida, da ita za a shiga sabuwar shekara. Mai karatu ya kwatanta yadda daren nan zai kasance ga wanda ke kallo daga ƙasa: dutse duhu ɗum, can sai ga ɗan haske ɗaya yana hawa, jim kaɗan ya zama goma, ya zama ɗari.

Zama a kan dutse ba daɗi ne da shi ba. Gona tana ƙasa, rafi yana ƙasa, itacen wuta ma yawanci a ƙasa yake. Duk abin da za a ci sai an hau da shi, kuma matan Gbagyi a kafaɗa suke ɗaukar kaya, ba a ka ba, domin a wurinsu kai yana da darajar da ta fi ƙarfin dako. Har yau ana ganinsu a hanyar Paiko da Gwada da ƙwarya a kafaɗa, an jibga mata doya ko itace. Babu mai zaɓar irin wannan wahala sai wanda abin da ke ƙasa ya fi ta muni.

Abin da ke ƙasa kuwa shi ne mahaya. A cikin ƙarni na 19 ƙasar Gbagyi ta sami kanta a tsakiyar masu ƙarfi: Zazzau daga arewa, Nufawan Bida daga kudu, sa'an nan daga yamma ga Kwantagora, wadda Umaru Nagwamatse, jikan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, ya kafa. A zamaninsa da na ɗansa Ibrahim hare-haren kamun bayi sun yi wa ƙauyukan wannan yanki ɓarna mai yawa. Wanda aka riska a fili ya tafi ke nan. Saboda haka akan ajiye mai tsaro a ƙwanƙolin dutse lokacin da jama'a ke gona, da ya hango ƙura sai ya yi kururuwa ko ya buga ganga, kowa ya yar da fartanya ya nufi sama. Mahayi in ya iso gindin dutse dole ya sauka daga doki, da ya sauka kuwa ya zama daidai da kowa, ga kibiya mai dafi, ga duwatsu ana mirgino masa. Rumbuna ma a sama ake gina su, don ko an kewaye dutsen kwana da kwanaki kada yunwa ta sauko da mutane.

Ba Gbagyi kaɗai suka san wannan dabara ba. Sa'ad da masu jihadi suka fitar da Sarkin Zazzau Makau daga Zariya, kudu ya yi, ya fake a ƙasar Koro kusa da Dutsen Zuma. Bayan an kashe shi a wajen Lapai cikin 1825, ƙanensa Abu Ja ya kafa garin Abuja a 1828, garin da yau ake kira Suleja, kuma duk ƙoƙarin da aka yi daga Zariya ba a ci shi da yaƙi ba. Dutsen da ya tsaya musu a lokacin shi ne aka buga hotonsa a takardar Naira 100 a 1999.

Abin da ya sauko da mutane daga Paida ba yaƙi ba ne, ƙarfe ne. Turawa sun ci Kwantagora da Bida a 1901, suka kafa hedkwatarsu a Zungeru a 1902, harin bayi ya tsaya. Daga nan aka shiga shimfiɗa hanyar jirgi daga Baro, a bakin Kwara, zuwa Kano, ta iso Kano a 1911. Hanyar da ta taso daga Ikko ta biyo ta Jebba da Zungeru ita ma ta zo ta haɗu da ita, kuma mahaɗar ta faɗo daidai gindin duwatsun Minna. Kada a ɗauka abin ya zo da sauƙi. Da aikin tilas aka haƙa hanyar, ana bin ƙauyuka ana ɗibar majiya ƙarfi, har a 1909 mutanen Gussoro, a ƙasar Kuta, suka yi wa wata tawagar gwamnati kwanton ɓauna suka kashe Baturen mulki da 'yan sanda da dama. Martanin da sojan Turawa suka mayar ya yi tsanani ainun.

Duk da haka jirgi ya ci gari. Leburori da 'yan kwangila da fatake, Hausawa da Nufawa da Yarabawa da Ibo, suka kafa bukkoki kewaye da tasha, kasuwa ta tsiro. Sunayen unguwanni sun riƙe labarin: Kwangila, Limawa, Sabon Gari, Ƙetaren Gwari, da Dutsen Kura, wadda ta kasu biyu, ta Gwari da ta Hausa. Su ma Turawan mulki ba su son mutanen da ke zaune inda mai karɓar haraji zai sha wuya kafin ya kai gare su, don haka suka yi ta matsa wa na kan tudu su sauko. Sannu a hankali hedkwatar Lardin Neja ta dawo Minna, aka naɗa Ahmadu Bahago sarkin garin, sa'an nan a 1976, da Janar Murtala Muhammed ya ƙirƙiro Jihar Neja, ƙauyen masu ɗebo wuta ya zama babban birnin jiha.

Wani abin mamaki shi ne, tudun bai daɗe babu kowa ba. Talakawa sun sauko, manya suka hau. A kan tudun da ke kallon garin ne Janar Ibrahim Badamasi Babangida, wanda ya mulki Nijeriya daga 1985 zuwa 1993, ya gina gidansa, kuma Janar Abdulsalami Abubakar, wanda ya riƙe ƙasar daga 1998 zuwa 1999, shi ma a wannan sashe yake. Dukansu biyu haifaffun Minna ne. Duk lokacin da zaɓe ya ƙarato akan ga jerin motocin masu neman mulki suna hawa, a kan kwalta mai laushi, inda dā mata ke hawa da tulu a kafaɗa.

Duwatsun sun yi wa ƙasa wani aikin kuma. A Shiroro, inda kogin Kaduna ya ratsa ta wani matsatsi tsakanin duwatsu, aka datse shi aka gina tashar lantarki mai ƙarfin megawat 600, wadda ta fara aiki a 1990. A hanyar Suleja kuma ga Gurara, inda ruwa ke faɗowa daga tsawon mita 30, wurin da 'yan makaranta da ma'aikatan Abuja ke zuwa shan iska.

Sai dai wanda ya san tarihin nan ba zai rasa jin wani abu a ransa ba idan ya dubi abin da ya faru a 'yan shekarun baya. Dazuzzuka da duwatsun Shiroro da Munya da Rafi, waɗanda suka ɓoye kakanni daga mahara, su ne suka koma maɓoyar mahara. A watan Fabrairu na 2021 'yan bindiga suka shiga makarantar kimiyya ta gwamnati a Kagara, suka kashe ɗalibi ɗaya, suka tafi da mutum 42. A ƙarshen Mayu na shekarar suka kwashe yara fiye da 130 daga wata Islamiyya a Tegina, aka yi kusan wata uku kafin a sako waɗanda suka rayu. A watan Afrilu kuwa, gwamnan jihar na lokacin, Abubakar Sani Bello, ya faɗa da bakinsa cewa 'yan Boko Haram sun kafa tuta a Kaure. A wata makarantar firamare ta cikin Minna ya yi wannan magana, a gaban ɗaruruwan mutanen ƙauye da suka gudo suka shimfiɗa tabarmi a azuzuwa.

Dabarar kakanni ba ta yi musu amfani ba, kuma dalilin a fili yake. Dutse yana tsayar da doki da mashi, amma babur yana kai mutum gindinsa cikin minti kaɗan, harsashi kuma ba ya bukatar hawa. Rumbuna yanzu a ƙasa suke, shanu a ƙasa, makaranta da asibiti a ƙasa. Wanda ya hau dutse yau ya tsira da ransa na dare ɗaya ne kawai, gari na wayewa sai ya nemi hanyar Kuta ko Gwada ko Minna. Gonakin doya da yawa sun kwana ba a shiga ba a waɗannan shekaru, kuma masu saye a kasuwannin Kano da Ikko sun ji abin a aljihunsu ko da ba su san sunan ƙauye ɗaya a ƙasar Shiroro ba.

Na kusa da gari kuwa wata irin barazana ce ke cin su. Birni yana faɗaɗa, gidaje suna hawa gangare, masu fasa dutse suna sayar da tsakuwa tifa tifa. An sare itatuwan da ke riƙe ƙasa an yi gawayi, shi ya sa in aka yi ruwa mai ƙarfi yakan gangaro da yashi ya cika magudanai. Jihar tana da jami'ar fasaha ta tarayya tun 1983, da masana ƙasa da masu safiyo, kuma aikin auna tsofaffin mazaunan nan da shata musu iyaka bai fi ƙarfinsu ba, in hukuma ta ga dama. Tsofaffin da aka haifa a sama sun ƙare, 'ya'yansu da suka ji labari daga bakinsu su ma sun manyanta.

Wanda ya daure ya hau irin waɗannan tsofaffin mazaunai da rani, bayan wuta ta share ciyawa, yakan tarar da da'irar duwatsu inda ɗaki ya taɓa tsayawa, da ƙananan duwatsun da aka ɗora rumbu a kai, da fasassun katangar tukwane barjat a ƙasa. A kan falale kuma ga ramuka masu santsi a jere, inda mata suka yi shekaru suna niƙan dawa har dutsen ya lotsa. Da ruwan farko ya sauka sukan cika, awakin unguwar da ke gindin dutsen su hau su sha.