Gado Tsakanin Itatuwa Biyu

Duk wanda ya taɓa fita wa'azi a ƙauyuka ya san damuwar wurin kwana. Da damina ƙasa tana da laima, ga kunama, ga cinnaka, ga kuma sauro. Tabarma ba ta hana ko ɗaya daga cikinsu. Saboda haka da ƙungiyarmu ta sami sabon amuku, wato gadon lilo da ake ratayewa tsakanin itatuwa biyu, muka ga ya kamata mu gaya wa masu karatu abin da muka gani a kwanakin farko.

Amuku ba baƙon abu ba ne a duniya. A shekara ta 1492 Kolumbus ya tarar mutanen tsibiran Karebiyan suna kwana a cikinsa. Daga nan ma'aikatan jiragen ruwa na Turai suka ɗauka, gama ko jirgi yana tangaɗi mai barci ba ya faɗuwa. A ƙasarmu kuwa, a zamanin Turawa, a cikinsa akan ɗauki Bature ko majiyyaci zuwa wuri mai nisa.

Namu na yadin nailan ne. In an cusa shi cikin 'yar jakarsa bai fi ƙaramar ƙwarya girma ba, yaro ma yana iya ɗauka. Ya zo da maɗauri biyu masu faɗi, da ƙugiyoyin ƙarfe biyu, da gidan sauro mai zif, da tamfol da turakunsa. Da ganin yadin sai wani dattijo cikinmu ya ce, "Wannan ɗankwali ne zai ɗauki ƙaton mutum?" Amma ya ɗauki mafi nauyi a cikinmu, ko ƙara bai yi ba.

Ga abin da muka lura. In aka ja shi ya miƙe sosai, yakan matse kafaɗu. Gara a bar shi ya yi ɗan lanƙwasa, mutum kuma ya kwanta a karkace, kai wajen wannan gefe, ƙafafu wajen wancan, sai baya ya miƙe. Tsakanin itatuwan a sami kamar mita 4 ko 5. Kada a rataye shi can sama. In mutum ya zauna a ciki, ƙafafunsa su taɓa ƙasa kamar yana kan kujera.

Gidan sauron ya gamshe mu, amma sauro yana iya cizo ta ƙarƙashi, ta cikin siririn yadin. Ta ƙarƙashin nan kuma sanyi yake shiga, gama iska tana ratsawa a bayan mai barci. Maganin duka biyu shi ne a shimfiɗa bargo a ciki, balle da hunturu. Maɗaurin kuwa an yi su da faɗi ne domin kada su yanke ɓawon itace, yadda siririyar igiya takan yi. Itacen na masu ƙauyen ne, bai kamata baƙo ya ji masa ciwo ba.

Amma babban abin da muka koya ba a cikin jakar yake ba. Kome ƙarfin yadi da ƙugiya, ran mai barci yana rataye ne a jikin itace. Tsamiya da ɗorawa da darbejiya da mangwaro suna riƙewa. Gwanda ba ta riƙewa. Akwai kuma itacen da yake tsaye kamar mai lafiya, alhali gara ta cinye cikinsa. Don haka kafin mu ɗaura, mukan ƙwanƙwasa kututturen, mu tura shi, mu ɗaga kai mu duba ko akwai busasshen reshe a sama. In hadari ya taso da walƙiya, mukan kwance mu nemi ɗaki. Iyaye, kada ku bar yara su ɗaura shi su kaɗai, ko a jikin tsohon ginshiƙi ko bangon da ya tsage.

Wannan ya sa muka yi tunani a kan gidajenmu. Mukan kula da abin da ido yake gani, sutura da kayan ɗaki da takardar makaranta. Duk suna da kyau. Amma a jikin me muka rataye su? Wani ya ɗaura zaman gidansa a kan albashi, wani a kan babban mutumin da ya sani, sai dare ɗaya abin ya karye. A Matiyu sura 7 Ubangijinmu Yesu ya ba da misalin magina biyu. Ruwa da iska iri ɗaya suka bugi gidajensu, abin da ya raba su shi ne harsashi.

'Yan'uwa, a wannan wata bari maigida da uwargida su karanta surar nan tare da 'ya'yansu, su tambayi juna a kan wa gidansu ya dogara. Allah ya ba mu kwana lafiya, a gida da daji.