Ziyara a Perth, garin zafi da ake kiwon kifin sanyi

Perth babban birni ne a yammacin ƙasar Ostareliya, a bakin tekun Indiya. Mutanensa sun fi miliyan 2. Wani gulbi mai suna Swan ya ratsa tsakiyarsa. Garin yana da nisa ƙwarai daga Nijar. Ko a jirgin sama, sai matafiyi ya yi kwana da wuni a hanya.

Abin da ke fara ba baƙo mamaki shi ne lokutan shekara. A can sun juya. A Disamba da Janairu da Fabrairu, sa'ad da mutanen Maraɗi da Damagaram ke jin ɗumi saboda ɗari, mutanen Perth suna cikin zafi. Ma'aunin zafi yakan kai digiri 31 ko 32 da rana. Wasu ranaku yakan wuce 40. A Fabrairun 1991 ya kai 46, kamar bazarar Tawa. Ruwan sama kuwa da sanyi yake zuwa, daga Mayu zuwa Satumba.

Ƙasar garin rairayi ce. Ba ta riƙe ruwa, ba ta riƙe taki. Tun shekarun 1970 ruwan sama ya ragu. A 2006 aka buɗe ma'aikatar da ke cire gishiri daga ruwan teku don mutane su sha. Da rani, doka ba ta yarda mai gida ya kunna abin watsa ruwa a garkarsa ba sai kwana 2 a mako. Shi ya sa wasu suka rungumi wata dabara: noman kifi da kayan lambu a ruwa ɗaya. Ana kiranta akwafonik.

A bayan gida

Wanda ya shiga bayan irin wannan gida zai ga babban tanki na roba mai cin litir 1000. Kifi na ciki. Gefe da shi akwai fangali a cikin baho, cike da tsakuwa. Babu ƙasa ko kaɗan. Amma ga salati, ga shu, ga tumatir, sun yi shar.

Ga yadda abin yake. Kifi yana ci, yana kashi, yana kuma fitar da wata guba mai suna amoniya. In ta taru a ruwa, sai ta kashe shi. Ƙaramin famfo na lantarki yana tura ruwan ta tiyo zuwa fangali. A jikin tsakuwa akwai ƙananan halittu da ido ba ya gani. Su ke juya gubar ta zama taki. Saiwar shuka ta tsotse takin. Ruwa ya koma wurin kifi da tsabta. Haka yake zagayawa dare da rana. Ba a zubar da shi. Sai dai a ƙara wanda rana da shuka suka shanye.

Kifin da ya fito daga ƙasar sanyi

Kifin da masu wannan aiki suka fi so shi ne turawut. Jikinsa da ɗigo-ɗigo, gefensa da zane ja-ja. Yana girma da sauri, namansa da daɗi. Asalinsa daga kogunan sanyi na yammacin Amurka ta Arewa ne.

Mai son ganin inda ake renonsa sai ya hau mota ya nufi gusum, tafiyar kilometir 330, zuwa wani ƙaramin gari, Pemberton. Can daji ne mai duhu. Akwai itatuwan da ake kira kari, wasunsu sun wuce metir 60. Ƙoramu masu sanyi suna gudu a ƙarƙashinsu. Tun shekarun 1930 ake renon turawut a garin, kuma gwamnati na da gidan ƙyanƙyasa a wurin. Masana sun gwada kifin Pemberton. Sun ga ya fi ƴan uwansa na ƙasashen sanyi jure zafi, don shekara da shekaru masu raunin suna mutuwa, masu ƙarfin suna haihuwa. Amma jurewarsa tana da iyaka.

Turawut yana jin daɗi in ruwa yana tsakanin digiri 10 da 18. In ya wuce 21, sai ya rage cin abinci. In ya kai 24 ko 25 ya daɗe a haka, mutuwa ta kusa.

Dalili shi ne numfashi. Kifi yana shaƙar iskar da ke cikin ruwa. Ruwan sanyi ya fi riƙe iskar nan. Ruwa mai digiri 30 yana riƙe wajen kashi biyu cikin uku na abin da mai digiri 10 ke riƙewa. Ga shi kuma zafi yana sa jikin kifi ya ƙara bukatar iska. Bukata ta ƙaru, abin shaƙa ya ragu. Mai gida na iya fita aiki da safe ya bar kifi lafiya. In wuta ta ɗauke da tsakar rana, famfo ya tsaya, da marece sai ya tarar da su duka sun juya ciki sama. Wahalar wata shida ta tafi a wuni ɗaya.

Yaƙi da rana

Masu son ƙetare rani da kifinsu suna da dabaru. Suna yi wa tanki rumfa. Wasu suna gina rami su binne shi, don cikin ƙasa ya fi sanyi. Suna neman babban tanki, don ruwa mai yawa ba ya saurin zafi, kamar yadda randa ta fi kwanon sha daɗewa da sanyi. Suna rage yawan kifi. Suna sa injin hura iska a ruwa, da batir a ajiye ko da wuta za ta ɗauke.

Tsakuwa tana ɗaukar zafin rana, tana zuba shi a ruwa. Saboda haka wasu suna rage zagayen ruwa da rana, su sake shi da dare. Ranar zafi sosai ba sa ba da abinci, don kifin da ya ƙoshi ya fi shan iska. Wasu suna jefa butocin ƙanƙara a tanki, amma a litir 1000 amfaninsu kaɗan ne. Akwai injin sanyaya ruwa. Sai dai kuɗinsa da kuɗin wuta sun fi kuɗin kifin.

Hanyar da ta fi sauƙi

Yawancin masu kiwo sun daina ja da rana. Suna sayen ƙananan turawut a Afrilu ko Mayu, in ruwa ya huce. Suna ciyar da su duk lokacin sanyi. A Oktoba ko Nuwamba, kafin zafi ya kama, kifi ya doshi rabin kilo. Sai su kwashe. Su ci wani, su yi bandar wani, su sa saura a firigo.

Tanki ba ya zama wofi. Da rani suna zuba wani kifi mai son ɗumi, baramundi. Shi ɗan uwan giwan ruwa ne, wanda masunta ke kamawa a kogin Isa da tabkin Cadi. Karfasa ma tana son zafi, amma dokar Ostareliya ta hana kiwonta, don in ta kuɓuce tana korar kifin ƙasar.

Manomin da ke shuka hatsi da damana, ya dasa shu da salati da ɗari, ya san wannan karatu. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. Mai niyyar kiwon kifi a gida, kafin ya kashe ko dala, ya fara auna zafin ruwansa da bazara. Sannan ya zaɓi kifin da ke iya zama a ciki. A ƙasa mai zafi kamar Nijar, tarwaɗa da karfasa ne, ba turawut ba.